Ƙurajen aski da raɗaɗi a wuya: a ina gyaran yake?

Ɗan Bolari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan aski a cikinku, musamman masu yi wa kansu a gida. A Gombe nake zaune, kuma aikina na kaki ne, irin wanda ba a yarda mutum ya fito fareti da gashi a fuska ba, saboda haka kusan kowace safiya sai reza ta bi fuskata. A da ina amfani da abin askin roba mai baki uku, wanda ake yarwa idan ya dakushe, daga baya na koma gidan reza na ƙarfe, irin wanda ake kwance kansa a ɗora reza mai baki biyu a sake ɗaurewa, domin na ji ana cewa ya fi sauƙi ga fata, kuma ko ba komai ya fi araha tunda rezar kaɗai ake saye.

A kumatu da haɓa ba ni da abin kuka, aski yana fita lafiya. Matsalar tana wuya, daga ƙarƙashin muƙamuƙi zuwa gefe biyu na zakaran wuya. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, to ni nawa sai ya gangaro wuya yake zafi. Ina gamawa wurin zai fara raɗaɗi, bayan kwana biyu kuma ƙuraje su feso, wasu ƙanana masu ƙaiƙayi, wasu masu tauri da ciwo, idan sun baje su bar baƙin tabo. Kwalar rigar aiki tana gugar wurin yini guda, ga zufa, balle yanzu da bazara ta kama.

Yadda nake yi shi ne, ina watsa wa fuska ruwan sanyi, in goga sabulun wanka har ya yi kumfa, in ja rezar daga ƙasan wuya zuwa sama, in maimaita har sai na shafa ban ji kaushi ba, sannan in shafa sifirit. Reza kuwa ina canza ta idan na ji ta fara fizgar gashi. Abin da nake so in sani, laifin rezar ne, ko na hannuna, ko kuwa fatata ce ba ta son irin wannan aski? Idan komawa abin roba ne mafita, a gaya mini in koma. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Tsohon malami daga Pantami ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kada ka yar da gidan rezarka, domin a bayanin da ka yi ban ga laifinsa ba. Abin da na gani shi ne kana so wuyanka ya yi sumul irin na kumatu, alhali fatar wuya ba ta jure abin da fatar kumatu take jurewa. Ta fi laushi da saki, babu ƙashi a ƙarƙashinta da zai tokare ta idan reza ta hau, kuma gashin da ke kanta ba a tsaye yake fitowa ba, a kwance yake fitowa, kusan manne da fata.

Kafin komai sai ka san inda gashin wuyanka ya kwanta. Mutane da yawa suna ɗauka cewa gashin fuska duk ƙasa ya nufa, kuma a kumatu galibi haka ne. A wuya kuwa abin ya yi kama da gonar gero da guguwa ta bi ta kai, wani sashe ya kwanta gabas, wani yamma, wani wurin ma ya murɗe ya yi zobe. Akwai wanda gashin ƙasan wuyansa sama ya nufa, akwai wanda nasa ya karkata daga zakaran wuya zuwa kunne, kuma ba lallai ne dama da hagu su zama iri ɗaya a wuyan mutum ɗaya ba. Ka samu lokacin da ba ka aiki, ka bar gashin ya yi kwana biyu, ka tsaya gaban madubi a wuri mai haske, ka riƙa shafa wuyan da yatsa ta kowace fuska. Inda yatsa ya wuce sumul, ka bi kwanciyar gashin ke nan, inda kuma ka ji yana tokare yatsa, to ka saɓa masa. Ka zana wuyan a takarda ka sa kibiyoyi, ka manna kusa da madubi har hannunka ya saba. Wani zai ga abin kamar wasan yara, amma wanda bai yi wannan ba yana aski ne a makance, yana zaton yana bin gashi alhali a rabin wuyansa saɓa masa yake yi.

Idan ka san wannan, zagayen farko ka bi kwanciyar gashin kawai, da gajeren ja wanda bai wuce faɗin yatsu biyu ba, kana ɗauraye rezar a kai a kai. Idan ka ga bai isa ba, ka sake shafa kumfa, ka yi zagaye na biyu a gicciye, wato ka ratsa gashin ta gefe. Daga nan ka tsaya. A wuya kada ka ja reza ta fuskar da ta saɓa wa gashi, kuma kada ka bar ta ta sake bin wurin da kumfa ta riga ta tafi, domin wannan maimaicin da kake yi har sai kaushi ya ɓace ba gashi kaɗai yake kwashewa ba, har da saman fata yake kankarewa, shi ne raɗaɗin da kake ji. Ɗan kaushin da yatsa yake ji ido ba ya ganinsa, kuma mai duba fareti da ido yake dubawa, ba shafa wuyanka zai yi ba.

Sai maganar dannawa. Wanda ya fito daga abin roba yakan zo da wata ɗabi'a ba tare da ya sani ba. Abin roba ba shi da nauyi, kansa yana lanƙwasawa ya bi fuska da kansa, bakunansa kuma a kare suke, don haka sai an danna yake ci. Gidan reza na ƙarfe yana da nauyinsa, kansa ba ya motsi, bakin rezar a buɗe yake. Ka riƙe shi da yatsu uku kusa da ƙarshen mariƙi, ka bar nauyinsa ya yi aikin. Idan ka ga fata ta lotsa a ƙarƙashin kansa, to ka danna. Karkatarsa kuma ana so ta kasance wajen digiri 30 tsakanin bakin reza da fata, kuma hanyar samunta ba tare da awo ba ita ce ka ɗora murfin kan a fata, mariƙi yana tsaye, sannan ka riƙa sauko da mariƙin a hankali har ka ji reza ta fara kama gashi. A nan za ka tsaya. Idan ka sauko da shi fiye da haka, rezar ta daina yanka ta koma kankara. A kumatu wannan yana da sauƙi saboda wurin shimfiɗe yake, amma a ƙarƙashin muƙamuƙi fuska tana lanƙwasa, dole hannu ya riƙa juyawa tare da ita, kuma a daidai nan ne yawancin mutane suke yi wa kansu ɓarna.

Game da komawa abin roba mai baki da yawa, ban ba ka shawara ba. Gidan reza irin naka tsohon tsari ne, tun 1904 King Gillette ya samu takardar mallakar nasa a Amurka, kuma baki ɗaya ne yake taɓa fata a kowane ja. Abin aski mai baki biyu a jere, ɗaya bayan ɗaya, ya shigo kasuwa a 1971, kuma an gina shi a kan cewa bakin farko ya ɗan janyo gashi waje, na biyu ya yanke shi kafin ya koma, sai guntun ya nutse ƙasa da saman fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan aski ne mai kyau. Ga mu masu murɗaɗɗen gashi, gashin da ya nutse cikin fata shi ne mafarin ƙurji.

Ma'aikacin jinya daga Kumo ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan hannu, ni zan ƙara ne ta ɓangaren fata, domin abin da mai tambaya ya kwatanta ba abu ɗaya ba ne, abu biyu ne suka haɗu masa, kuma kowanne da maganinsa.

Raɗaɗin da yake zuwa nan take bayan aski rauni ne na saman fata, kuma gyaran hannu da Malam ya faɗa yana kawar da shi. Sifirit da ake shafawa a kai ba ya ƙara komai sai zafi da bushewa, tunda a kan kankararriyar fata ake zuba shi. Ƙurajen da suke fitowa bayan kwana biyu ko uku kuwa wani abu ne daban. Gashinmu a lanƙwashe yake fitowa tun daga cikin raminsa, idan reza ta yanke shi sai bakinsa ya yi tsini. Yana girma yana lanƙwasawa har tsinin ya dawo ya soki fata ta waje ya shige, ko kuwa, idan an yanke shi ƙasa da saman fata, ya huda bangon raminsa ta ciki tun bai fito ba. Jiki yana ɗaukar wannan gashi a matsayin baƙon abu, sai ya taru a kansa da kumburi, wani lokaci har da mugunya ko da babu ƙwayar cuta. Idan kumburin ya lafa, baƙar fata takan bar duhun tabo da yake ɗaukar watanni kafin ya gushe. Wannan ciwo ya fi yawa a cikin baƙar fata a ko'ina a duniya, har rundunar sojan Amurka ta yi shekaru da yawa tana ba masu fama da shi takardar likita domin su bar ɗan gajeren gashi. Ba ƙazanta ce take kawo shi ba, kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Maganin da ya fi kowanne tabbas shi ne a ajiye reza na ɗan lokaci. Gashin gemu yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, kuma idan aka bar shi mako 3 zuwa 4, gashin da ya soki fata yakan yi tsawon da zai fizgo bakinsa waje da kansa, ƙurajen su kwanta. Yin aski a kan ƙurajen da ba su warke ba yana sare kawunansu ne, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Wanda ba zai iya barin gashi gaba ɗaya ba, sai ya koma kilifa da take barin kamar milimita 1, domin gashi mai wannan tsawo ba ya nutsewa. A cikin wannan lokaci ana ɗora tawul mai ɗumi a wuya na 'yan mintuna kullum, sannan a murza wurin a hankali da buroshin haƙori mai laushi wanda aka ware don haka. Gashin da aka ga ya yi lanƙwasa ya shige, ana iya sa tsinin allura mai tsabta a ƙarƙashin lanƙwasar a ɗago bakinsa waje. A ɗago kawai, kada a tona fata, kada kuma a tuge shi da hantsaki, domin wanda zai tsiro a madadinsa a cikin fata zai fara, ya sake yin ƙurji mafi muni.

Ta fuskar magunguna, man haidirokotizon mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 yana kwantar da kumburi idan an shafa na 'yan kwanaki kaɗan, benzoyil feroksaid yana taimakawa inda ƙuraje suke da ruwa, sai dai yana busar da fata kuma yana koɗar da launin tufafi, don haka a kula da kwalar riga. Likita yana iya rubuta man kilindamaisin, ko irin su adafalin da suke rage kaurin fatar da take rufe bakin ramin gashi. Abin da nake jan kunne a kansa shi ne mayukan nan da ake sayarwa a kemis ana cewa suna maganin kowane ciwon fata, waɗanda a cikinsu akwai sinadarai masu ƙarfi irin kilobetasol ko betametason. A makon farko mutum zai ga kamar ya samu lafiya, amma idan ya daɗe a kansu fatar wuya takan yi siriri, ta yi dabbare-dabbare, ƙuraje su dawo da yawa. A karanta abin da ke jikin kwali, a duba lambar NAFDAC. Man birki, da man goge baki, da lemon tsami, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ba a sirka ba, duk muna ganin waɗanda suka shafa su suka zo da ƙuna.

Idan ƙurajen suna tara mugunya mai yawa, suna ɓawo, wurin yana zafi da kumburi yana faɗaɗa, ko gashi yana zubewa a zagaye, to wataƙila ƙwayar cuta ko makero ne ya shiga, kuma wannan ba na gyaran aski ba ne. Haka nan idan tabon ya fara tasowa yana tauri yana girma, ko irinsa ya bayyana a ƙeya. A irin wannan hali ka je babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ka nemi a haɗa ka da likitan fata, kuma takardar da zai rubuta ita ce za ka kai wa shugabanninka idan ana bukatar ka huta da reza. Ƙarin abu ɗaya a kan bayanin Malam: kada ka ja fatar wuya ta miƙe lokacin aski, domin idan ka sake ta gashin da ka yanke komawa ciki yake yi.

Ɗan Bolari ya sake rubutawa:

Allah ya ƙara ilimi, na gode muku ƙwarai. Barin aski na wata guda ba zai yiwu mini ba sai lokacin hutun shekara, amma zan fara da gyaran hannu da sanin kwanciyar gashin. Sai dai maganar jan fata ta ɗaure mini kai, domin duk wanzamin da na taɓa zama a gabansa sai ya ja fata da yatsu kafin ya ɗora aska, kuma a gefen zakaran wuya ban ga yadda reza za ta wuce ba tare da an ja ba. Sannan abokan aikina da yawa suna amfani da hodar nan da ake kwaɓawa a shafa ta cinye gashi, suna cewa in bar reza in koma kanta. Mene ne ra'ayinku?

Mai shagon aski a Jekadafari ya amsa:

Ofisa, barka da ƙoƙari. Ni gidan wanzanci na tashi kafin in buɗe shago, saboda haka bari in raba wannan gardama, domin likita yana da gaskiya, wanzamin ma yana da tasa. Aska ba ta da abin da yake kare bakinta, idan fata ta tattare a gabanta yanka za ta yi, dole wanzami ya miƙar da ita. Gidan reza kuwa yana da ƙarfe a gaban bakin wanda yake shimfiɗa fata kafin reza ta iso, don haka ja mai ƙarfi ba shi da amfani a nan. Akwai bambanci tsakanin shimfiɗa fata da ɗame ta. Ka ɗan ɗaga haɓa kaɗan yadda tattarar wuya za ta baje, wannan ya isa. Masu ɗaga kai sama har suna kallon silin suna ɗame wuyan gaba ɗaya, su ne likita yake nufi, kuma su ne suke dawo mini da ƙuraje a jere a ƙarƙashin muƙamuƙi.

Zakaran wuya ba a hawa kansa da reza. Ka sa yatsa ka zame fatar da ke kansa zuwa gefe ɗaya, inda wuya yake shimfiɗe, ka aske ta a can, ka sake, sannan ka zame ta ɗaya gefen. Wasu kuma suna haɗiye yawu su riƙe, zakaran ya hau sama, su yi ja ɗaya ko biyu kafin ya sauko. Duk wadda ta yi maka sauƙi ka ɗauka.

Abin da ban ji an taɓo sosai ba shi ne rezar kanta. Ka ce kana canzawa idan ta fara fizga, to a lokacin ta riga ta yi maka aski ɗaya ko biyu da dakusasshen baki, kuma dakusasshiyar reza ce take sa hannu ya danna ba da son ransa ba. Mai kaurin gashi kada ya wuce aski uku zuwa huɗu da reza ɗaya. Kuma rezoji ba ɗaya suke ba, Feather ta Japan an san ta da kaifi sosai, Derby ta Turkiyya ta fi sanyi, akwai Shark ta Masar, da Dorco ta Koriya ta Kudu, da Astra, da Tiger da kowa ya sani. Wadda ta yi wa wani daɗi tana iya ƙin wani, sai ka gwada iri biyu ko uku, amma ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda domin ka gane wanne ne ya yi aiki. Idan ka ɗaure kan, ka duba ka ga bakin rezar ya leƙo daidai wa daida ta gefe biyu, domin a cikin gidajen reza masu arha akwai waɗanda reza take zama a karkace, gefe ɗaya yana aski lafiya, ɗayan yana cin fata. Bayan aski ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe a wuri mai iska, kada ka goge bakin da tsumma.

Maimakon sifirit ka nemi dunƙulen alif, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, ka goge kaifin gefensa ya yi santsi. Bayan ka ɗauraye wuya da ruwan sanyi ka jiƙa shi ka shafa, ka bar shi kamar rabin minti, ka wanke. Yana tsayar da ɗan jini, kuma yana gaya maka gaskiya, domin duk inda ya yi maka zafi nan ne ka danna ko ka maimaita. Sai dai yana busar da fata, kada a bar shi a kai, kuma naka ya zama naka kai kaɗai. Haka ma reza da gidanta, ko ɗan'uwanka na jini kada ku yi tarayya, domin ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye. Tsofaffin rezoji a tara su a gwangwani mai murfi, kada a zuba a bola inda yara suke tsince-tsince.

Hoda kuwa tana yi wa wasu aiki, tunda narkar da gashi take yi, ba ta bar masa tsini. Amma sinadari ne mai ƙarfi, abin da yake cin gashi yana iya cin fata. Ba a sa ta a kan ƙuraje ko rauni, ba a wuce mintunan da aka rubuta a jikin gwangwani, ba a haɗa ta da reza a rana ɗaya, kuma ba abin yi kullum ba ne, sai an bar kwanaki a tsakani. A halin da wuyanka yake yanzu ban yarda ka sa ta ba. Idan ya warke kana son gwadawa, ka fara da ɗan wuri kaɗan ka jira kwana guda ka gani.

Wani ɗan kasuwa daga Bauchi ya amsa:

Salamu alaikum. Malamai sun gama magana a kan reza da fata, amma a ganina an wuce kumfa da sauri, alhali mai tambaya ya ce ruwan sanyi yake watsawa ya goga sabulun wanka ya hau aski. Busasshen gashin gemu yana da tauri ƙwarai, kuma sai ya sha ruwa na minti 2 zuwa 3 kafin ya yi laushin da reza za ta yanke shi ba tare da fizga ba. Watsa ruwa sau ɗaya bai kai ko'ina ba. Mafi sauƙi shi ne a yi aski bayan wanka, ko a jiƙa tawul da ruwan ɗumi a naɗe wuya da shi kafin a fara. Ɗumi ake so, ba zafi ba.

Sabulun wanka an yi shi ne domin ya kwashe maiƙo, kumfarsa tana da iska da yawa, kafin ka gama kumatu ta bushe a wuya, kuma wuyan ne kake zuwa a ƙarshe. Man aski na cikin kwalba ko sabulun aski da buroshi sun fi, domin suna barin santsi a fata, buroshin kuma yana ɗago gashin da ya kwanta. Kumfar da ake so ita ce mai danshi da sheƙi, ba mai tudu ba, idan ka murza ta tsakanin yatsu ka ji suna zamewa. Idan ta fara bushewa a wuya kafin ka iso, ka sake jiƙa buroshi ka bi ta kai. Barin wuya a ƙarshe yana da kyau, saboda ya fi daɗewa a jiƙe, muddin ba a bar kumfar ta mutu ba.

Ruwan ma yana da nasa. A unguwanni da yawa na Gombe da Bauchi da ruwan burtsatse ko na rijiya ake amfani, kuma wani yana da zartsi, wanda za ka gane shi da farin ɓawon da yake bari a cikin tukunyar dafa ruwa da yadda sabulu yake ƙin kumfa a cikinsa. Sinadaran da ke cikinsa suna kama sabulu su mai da shi dusa-dusa, santsin ya tafi. Idan famfonku yana kawo ruwan madatsar Dadin Kowa ka gwada shi ka kwatanta, idan kuma babu, leda ɗaya ta fiya wata ta isa haɗa kumfa da ɗauraye wuya.

Bayan aski, da hunturu ka shafa man kaɗanya ɗan kaɗan, ka murza shi a tafin hannu ya narke tukuna, da bazara kuma mai marar nauyi da ba shi da turare ya fi, saboda mai kauri da zufa suna toshe ramin gashi. Tunda kwala da zufa suna cikin abin da yake damunka, ka mai da askinka dare, bayan sallar isha'i. Gashin da zai tsiro kafin safiya bai kai rabin milimita ba, ba zai hana ka fita fareti ba, fatar kuma za ta samu sa'o'i bakwai ko takwas babu kwala babu rana. Idan kwalar rigar tana da sitati mai yawa, ka ce wa mai wanki ya rage shi a wuyan, kuma kada ka maimaita riga mai zufa a kan wuyan da aka aske.